Biyu na Bugawa, Jama'a na Kallo: Fasahar da Muke Rainawa a Gidan Gem

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Dawanau da yamma, ko ya ratsa lungunan da ke tsakaninta da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika, ba zai rasa ganin shagunan nan da matasa ke kira gidan gem ba. Ɗan ƙaramin shago ne, da talabijin biyu ko uku a jikin bango, da benci, da labule a ƙofa saboda hasken rana, ga janareto na ruri a waje. Abin lura shi ne lissafin mutanen da ke ciki. Masu riƙe da fad, wato na'urar da ake sarrafa gem da ita, biyu ne kacal a gaban kowace talabijin. Sauran duk 'yan kallo ne, wasu a zaune, wasu a tsaye, wasu sun leƙo ta gefen labule. Da yawansu ba su zo da kuɗin bugawa ba, ba kuma layi suke jira ba. Kallo ne ya kawo su.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai. Uba zai iya fahimtar ɗansa mai bugawa, ko da ransa ba ya so, domin shi ma ya yi langa, ya yi dara, ya buga ƙwallon tsumma a bakin ganuwa. Amma yaron da zai share awa guda yana kallon wani yana bugawa, a shago ko a wayarsa, shi ake yi wa kallon wanda ya rasa abin yi. Tambayar da ake jefa masa ɗaya ce: "Kai ba ka buga ba, ba ka ci ba, ba a ci ka ba, to da me ka ƙaru?" Yaron ba shi da amsa, sai dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ni ina ganin tambayar tana da amsa, kuma Baba zai gane ta sarai, domin abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ra'ayina shi ne buga gem a gaban jama'a, idan ya faɗa hannun wanda ya iya, fasaha ce mai cin gashin kanta, kuma mai kallonta ba shashasha ba ne.

Kada a ɗauka shirmen yaran unguwa ne kawai. A 2011 aka buɗe Twitch, dandalin da mutum zai buga gem a ɗakinsa dubban mutane su kalle shi kai tsaye. Bayan shekara uku, a 2014, kamfanin Amazon ya saye shi a kan dala miliyan 970. Wani matashi ɗan ƙasar Suwidin, Felix Kjellberg, wanda aka fi sani da PewDiePie, da buga gem yana surutu a kai ya zama wanda ya fi kowa yawan mabiya a YouTube a 2013, bai bar wannan kujera ba sai a 2019 da T-Series, kamfanin waƙoƙin Indiyan nan da Kanawa suka san tambarinsa, ya wuce shi. A 2024 Saudiyya ta shirya gasar kofin duniya ta wasannin gem a Riyad, ta sa kyautar da ta haura dala miliyan 60. Sai dai kuɗi da yawan 'yan kallo ba su ne hujjata ba, don ba duk abin da ya tara jama'a ne ya cancanci yabo ba.

Su kansu Turawa sun sha musu a kan lamarin. A 2010 Roger Ebert, shahararren mai sharhin fina-finai na Amurka, ya rubuta cewa gem ba zai taɓa zama aikin fasaha ba. A ganinsa gem abu ne mai dokoki da maki da ake ci ko a faɗi, kuma tun da mai bugawa ne ke zaɓar abin da zai faru, to ragamar ta kuɓuce daga hannun mai ƙirƙira. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa gem yana da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki irin wadda littafi da fim suke da ita. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, wato MoMA, ya shigar da gem 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris. Amma duk wannan taƙaddama a kan masu ƙera gem ake yin ta. Ni mai bugawa ne ya dame ni, kuma a nan hujjar Ebert ta juyo ta zama tawa. Idan har mai ƙira ya bar ragama a hannun mai bugawa, to aikin bai kammala ba sai an buga shi. Mutum dubu za su kalli fim ɗaya su ga abu ɗaya. Mutum biyu ba za su buga gem ɗaya ya fito iri ɗaya ba. Wanda ya zauna a gaban jama'a ya ƙarasa wannan aiki, shi ma yana da kaso a cikinsa, kuma kasonsa a wuri uku yake: hannunsa, bakinsa, da zaɓinsa.

Mu ɗauki hannu tukuna. A watan Agustan 2004, a wata gasa da ake kira Evo a jihar Kalifoniya, Daigo Umehara ɗan Japan ya kara da Justin Wong ɗan Amurka a wasan faɗa mai suna Street Fighter III. A zagayen ƙarshe ran ɗan wasan Daigo ya rage ɗan ƙiris, ta yadda ko ya kare duka ta hanyar da aka saba, ɗan abin da zai ratso ya isa ya kashe shi. Ganin haka sai Wong ya sako masa wani hari mai shuri 15 a jere. Kowa a zauren ya ɗauka an gama. Mafita ɗaya ce ta rage: maimakon ja da baya, mutum ya tura ɗan wasansa gaba, cikin dukan, daidai lokacin da kowane shuri zai sauka, cikin ɗan taƙin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kuskure ɗaya ya isa. Daigo ya ture na farko, ya ture na biyu, zaure ya fara kaurewa da ihu, shi kuwa ya ci gaba da turewa ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsalle ya ture na ƙarshe a sama, sannan ya sauko ya mayar da martanin da ya ba shi nasara. Ba shi ya ɗauki kofin wannan wasa ba, an doke shi a karon ƙarshe. Amma yau fiye da shekara 20 ke nan ɗan gajeren bidiyon nan ake ta kallo, kaɗan ne ke tuna wanda ya ɗauki kofin. Kamfanin Capcom ya tanadi dokar ture duka a cikin wasan, amma bai rubuta abin da ya faru a ranar ba. Daigo da Wong da mutanen zauren ne suka haife shi.

Kallo kuma shi ne makarantar wannan gwaninta. Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, an daɗe ana ɗauka ba ya ƙarewa: tubalan za su yi ta ƙara sauri ne har yatsa ya gaza. Matasa suka yi ta kallon bidiyon juna, wannan ya gano dabara wancan ya ɗora a kai, har suka fito da salon kaɗa yatsu a bayan fad domin maɓalli ya dannu da saurin da babban yatsa ba zai iya ba. Ranar 21 ga Disamba 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 a samfurin Nintendo na 1989, inda lissafin wasan ya rikice ya tsaya cak. Shi ne mutum na farko da aka shaida ya kai wannan wuri. Da kowa a ɗakinsa yake bugawa ba mai gani, da ilimin ya mutu da mai shi.

Sai baki, wanda ni a wurina ya fi hannu muhimmanci, kuma a nan muka fi ƙarfi. A zamanin da fim ba ya magana, gidajen silima na Japan suna da mutumin da ake kira benshi, mai tsayawa a gefen majigi yana yi wa kowane ɗan wasa murya, yana bayani, yana sa dariya da kuka. Wasunsu, irin su Tokugawa Musei, sun yi sunan da mutane ke sayen tikiti saboda su, ba saboda fim ɗin ba. A Yuganda har yau akwai masu yi wa fim surutu da harshen Luganda, kuma fim ɗin Who Killed Captain Alex? na 2010 ya zaga duniya ne da muryar VJ Emmie a kansa. Mu nan Kano ba sai an ba mu labari ba. Fim ɗin Indiya ɗaya ne, amma wanda ya je wurin masu tura fina-finai a waya zai ce fassarar Algaita yake so, saboda karin magana da baƙar magana da sunayen da ake laƙaba wa jarumai. Masu fassarar ba su ɗauki hoto ko ɗaya ba, amma ba mai musun cewa sun zuba nasu a ciki.

A kusan kowane gidan gem akwai mai irin wannan baiwa, kuma sau da yawa ba shi ne gwanin bugawa ba. Yana can ƙarshen benci. Ana take wasan ƙwallo sai ya ɗauki murya irin ta masu sharhi a rediyo. Ya san tarihin masu bugawar duka biyu: wa ya ci wa jiya, wa ya rantse ba zai ƙara ɗaukar Madrid ba, wa ke ɗora wa fad laifi duk sanda aka zura masa. Mai tsaron raga na yin sake sai ya juya ga mai shi ya ce, "Yaya, wannan golan naka albashi ne ba ka biya shi ba?" Idan an zo bugun fanareti sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit har ana jin janareto a waje, ya bar shirun ya yi aikinsa. Ƙwallo na taɓa raga ya saki kirarin da ya tanada tun ɗazu. Ranar da bai zo ba, talabijin na nan, gem na nan, amma shagon ya yi sanyi, 'yan kallo suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sanin lokacin magana da lokacin shiru, iya zolaya ba tare da cin fuska ba, iya mai da wasan minti goma ya zama labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, duk wannan hikima ce da ba kowa Allah ya ba ba.

Wanda ya taɓa shiga gidan dambe zai fi kowa gane wannan. Naushin da ke kai ɗan dambe ƙasa bai wuce daƙiƙa guda ba. Abin da ake biya wa kuɗin ƙofa shi ne duk abin da ke kewaye da naushin: kiɗa, kirari, zuga, da ihun jama'a. Shago ya yi dambe a zamaninsa, amma da yawan waɗanda suka san sunansa yau ba su taɓa ganin ya ɗaure hannu ba, bakin makaɗi Ɗan Anace ne ya kawo musu shi. Ba a kuma taɓa tambayar mai kallon dambe dalilin da ya hana shi shiga fili da kansa ba. Bambancin mai nuna gem ga jama'a shi ne sau da yawa shi ne ɗan damben kuma shi ne makaɗin: hannu na fafatawa, baki na ba da labari, ido ɗaya na kan saƙonnin masu kallo yana ba su amsa.

Na uku shi ne zaɓi, wato abin da mutum ya ga dama ya yi da duniyar da aka gina masa. GTA dai sananne ne a gidajen gem ɗinmu, wasan satar mota da harbe-harbe wanda bai kamata ƙaramin yaro ya kusance shi ba. A 2021, lokacin kullen korona a Ingila, an rufe gidajen wasan kwaikwayo, sai wasu 'yan wasa biyu da aiki ya tsaya musu, Sam Crane da Mark Oosterveen, suka yanke shawarar shirya wasan Hamlet na Shakespeare a cikin birnin GTA na intanet. Suka yi ta neman 'yan wasa cikin baƙin da suke cin karo da su, suna gwaji ana harbe su a tsakiyar jawabi, su dawo su ɗora daga inda suka tsaya. Pinny Grylls ta naɗi abin daga cikin wasan, ita da Crane suka mai da shi fim mai suna Grand Theft Hamlet, wanda ya ci kyautar fim na labarin gaskiya a bikin SXSW na Amurka a 2024. Kamfani ya gina birnin don ta'asa, su kuma suka mai da shi dandalin wasan kwaikwayo. Kayan aikin na kamfani ne, tunanin nasu ne.

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. A 2020 kamfanin Paradox na Suwidin ya fitar da Crusader Kings III, wasan mulki da tarihi. Cikin masu mulkin da mutum zai iya zaɓa ya fara da su a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura, kuma wasan ya sanya bori a matsayin addinin mutanenta. A watan Fabrairun 2025 aka fitar da Civilization VII, wanda ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin jerin shugabannin duniya da ake bugawa da su. Ma'ana, akwai mutane a Turai da Amurka da Asiya da ke zama awa da awanni suna mulkin ƙasar Hausa a kwamfuta, suna nuna wa dubbai, kuma mafi yawan waɗannan bidiyoyi da Turanci suke. Ga wanda ya fara jin sunan Daura ta wannan hanya, abin da mai bugawar ya faɗa shi ne tarihin Daura.

To, a ce ɗan Ƙofar Dawanau ne ya zauna ya buga wannan wasa da Hausa. Ya san rijiyar Kusugu, watakila ma ya sha ruwanta. Ya san labarin Bayajidda da Hausa Bakwai tun a aji uku na firamare. Zai iya tsayawa ya ce nan sun yi daidai, nan kuma sun haɗa zamani biyu da ba su haɗu ba. Zai iya bayyana cewa Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Idan ana gina katanga a wasan, zai iya juya kyamara ya nuna ragowar ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda ke bayan gidansu tana zaizayewa. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan aiki ne da ya haɗa nishaɗi da sharhi da koyarwa, kuma babu wanda zai yi mana shi.

Masu suka suna da tasu hujjar, kuma wasu daga ciki gaskiya ne tsagwaronta. Ta farko, mafi yawan abin da ake ɗorawa ba fasaha ba ce. Ihu ne, da ashar, da kwaikwayon wasu, da neman suna ko ta halin ƙaƙa. Na yarda. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: me mutumin nan ya ƙara? Idan ka cire muryarsa da hannunsa bidiyon bai rasa komai ba, to bai yi komai ba. Ta biyu ita ce haƙƙin masu ƙira. A 2016 Ryan Green da matarsa Amy suka fitar da That Dragon, Cancer, wasan da ke ba da labarin ɗansu Joel da cutar daji ta kashe yana ɗan shekara biyar. Green ya koka cewa miliyoyin mutane sun kalli wasan daga farko har ƙarshe a YouTube, amma cinikin bai taka kara ya karya ba. Wannan kuka ne na gaskiya, domin wasan da labari ne zalla, wanda ya nuna shi duka ba tare da ƙari ba ya ci gumin wani. Kamfanin Nintendo ma a 2013 ya fara karɓe kuɗin tallan irin waɗannan bidiyoyi, amma a ƙarshen 2018 ya sassauta, ya fitar da ƙa'idar da ke ƙarfafa bidiyon da mai shi ya sa sharhinsa da ƙirƙirarsa. Ashe har kamfanin da ya fi kowa tsauri ya yarda akwai bambanci tsakanin mai kwafa da mai ƙarawa.

Hujja ta uku ita ce ta tarbiyya, kuma ita ta fi nauyi a wurinmu. Akwai yaran da gem ya raba su da makaranta da islamiyya. Akwai shagunan da ake kiran salla ana ci gaba da bugawa. Akwai inda al'adar wanda aka ci shi zai biya ta rikiɗe ta zama sa kuɗi a kan wasa, wato caca ƙarara, a garin da Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya lalata masa karatu ko sana'a ko zaman iyali. GTA kuwa a jikin kwalinsa an rubuta na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, don haka mai shagon da ya miƙa wa ɗan shekara goma fad ya ci amanar iyayensa. Duk wannan ba abin karewa ba ne. Amma a lura, ɓarna a ɓoye ta fi yaɗuwa. Wasan da ake yi a bainar jama'a yana da masu tsawatarwa. A 2021, da aka ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard, masu bugawa ne suka gani suka yaɗa, har kamfanin ya cire ya nemi afuwa. Haka kuma taron Games Done Quick, inda gwanaye ke nuna saurin kammala gem kai tsaye tun 2010, ya tara wa ƙungiyoyin jin ƙai sama da dala miliyan 50, ciki har da ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke jinyar yara masu tamowa a Katsina da Kano.

Mun taɓa bin wannan hanya. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1980 da 1990, an kira su da sunaye iri-iri, har masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi doguwar muhawara a jaridu a kan ko adabi ne ko ba adabi ba. Yau ana rubuta kundin digiri a kansu. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, wa ya yi zaton za a samu masana'antar da za ta buƙaci gwamnati ta kafa mata hukumar tacewa a 2001? Darasin shi ne raini bai kashe ko ɗaya ba. Abin da ya gyara wanda ya gyaru a cikinsu shi ne suka ta ilimi, da masu kallo da suka koyi bambance mai kyau da tarkace. Inda manya suka juya baya kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Na san hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareto ya zama aiki, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Watsa wasa kai tsaye na awa uku ba na ɗan talaka ba ne. Amma ba sai da shi ba. Wayar da ake buga eFootball ko PUBG ko Free Fire da ita tana iya naɗar allo da murya. Bidiyon minti biyar da aka tsara, aka yanke shirme, aka sa masa sharhi mai ma'ana, ya fi na awa uku da ba kai ba gindi. Masu tura fina-finai a waya, waɗanda suka kai fassarar Indiya kowane ƙauye, za su iya kai wannan ma. Kuma tun da ba dole ne a nuna fuska ba, murya da allo sun wadatar, 'yan matan da ba sa shiga gidan gem amma suna bugawa a wayoyinsu a gida su ma ƙofa a buɗe take gare su, cikin mutunci.

Saboda haka kirana ga matasa shi ne su yi da Hausa, Hausa mai kyau, ba tare da ashar ba, su kuma yi karatu a kan abin da suke bugawa domin bakin da babu ilimi a bayansa saurin ƙarewa yake. Masu gidajen gem su rufe idan an kira salla, su hana caca, su kori yara a lokacin makaranta, su duba shekarun wanda suke miƙa wa fad. Malaman sashen Hausa da na aikin jarida a Jami'ar Bayero da sauran jami'o'inmu su fara naɗar wannan sabon salon magana tun yanzu, don adabin baka ne da ake ƙirƙira a gaban idonsu. Iyaye kuma, kafin a yanke hukunci, a zauna da yaro a kalli bidiyo ɗaya tare, a tambaye shi me ya burge shi a ciki. Idan shirme ne, a nuna masa dalilin da ya sa shirme ne, a kuma ƙayyade masa lokaci. Idan kuwa gwaninta ce da hikimar magana, to a yaba, a taimaka masa ya gyara, domin baiwa ce kamar kowace baiwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su amfane mu da abin da suka iya.